Saƙon Kawuna da Manhajar da Ta Ƙi Sabuntuwa

Wasu shekaru can baya, kafin wayar shafa ta shiga hannun kowa, ina da wata kwamfutar tebur a ɗakin da ke jikin zaurena a Bagadaza. Ƙanena ne ya saya mini ita lokacin da ofishinsu ya yi gwanjon tsofaffin kaya. Irin mai ƙaton kan nan ce, da akwati a ƙarƙashin tebur wanda in ya tashi sai ka ce injin markaɗe ake yi a bayan layi. Ni karatuna na boko bai wuce firamare ba, sana'ata kuma sayar da maganin dabbobi, don haka ba wani aikin kirki nake yi da ita ba illa sauraron tafsiri da kallon hotunan jikoki. Amma fa ina ji da ita. Har riga na sa tela ya ɗinka mata, kuma ba mai taɓa ta a gidan sai ni.

Wanda ya haɗa mini ita abokina ne tun na ƙuruciya. Babarbare ne, ya yi aikin buga takardu a sakatariya har ya yi ritaya, sannan ya buɗe shagon kwamfuta a Kumbiya-Kumbiya. Kun dai san wasan da ke tsakanin Bafulatani da Babarbare. Ni ina ce masa bawana, shi ma yana ce mini bawansa, har gemunmu ya yi fari ba a raba gardamar ba.

Cikin abubuwan da ya sa mini akwai wata manhaja ta sauke abubuwa daga intanet. Amfaninta shi ne, in sabis ya yanke ana tsakiyar saukewa, ba ta komawa farko, sai ta jira ya dawo ta ɗora daga inda ta tsaya. Wanda ya yi amfani da ɗan modem ɗin nan da ake soka wa kwamfuta a Gombe ta wancan lokacin ya san wannan ba ƙaramin taimako ba ne. Da ita nake sauke tafsiri, wani lokaci karatu ɗaya ya wuni yana saukowa, amma dai ya sauko.

Da ya gama haɗawa ya goge hannunsa, ya ce, "Ga ta nan, bawana. Abu ɗaya nake roƙonka, kada ka taɓa abin da ba ka sani ba. Wannan ba saniya ba ce da za ka buɗe bakinta ka duba haƙori."

Na ce, "Tattara wayoyinka ka tafi. Tun yaushe bawa ya fara kafa wa ubangidansa doka?"

Ba a jima ba na gano wurin da ake gyara kwanan wata. A ƙasan allon, ta hannun dama, akwai agogo, in ka kai linzamin kwamfuta kansa sai ya nuna maka rana da wata da shekara. To ni lissafin watan Bature bai taɓa zama mini a kai ba. Mu a gida da wata muke lissafi, masu sayen magani a wurina makiyaya ne, su ma haka, kuma kusan kullum sai mahaifiyata ta tambaye ni yau nawa ga wata. Sai na ce me zai hana in daidaita kwamfutar da namu lissafin? Na sa lambar wata ta dace da watan da muke ciki, na sa rana ta dace da kwanan wata. Da na zo kan shekara na yi ta juya ta baya don in kai ta shekarar Hijira. Ta yi ta komawa, ta yi ta komawa, can sai ta toge a wata shekara da ko aure ban yi ba a cikinta, ta ƙi gaba. Na ce to ke kika sani, na bar ta a nan, ai ba wanda yake duba shekara. Duk ranar da aka sanar da ganin sabon wata sai in zauna in gyara. In baƙo ya zo har nuna masa nake yi, ina cewa kwamfutata ta musulunta.

Daga lokacin wasu shafuka suka fara tare ni da wani jan gargaɗi na Turanci kafin su buɗe. Na lura akwai wurin da in na danna suke wucewa, sai na riƙa dannawa. Ban taɓa haɗa wannan da wancan ba.

Yanzu bari in faɗa muku labarin kawuna, don shi ne dalilin wannan rubutun.

Mahaifiyata tana da ƙane ɗaya da suke uwa ɗaya uba ɗaya. Tun yana saurayi, kafin a haife ni, ya bi wani baffansu da shanu suka yi gabas da niyyar Makka a ƙafa, kamar yadda mutanen da suke yi. Baffan ya rasu a hanya, shi kuma ya tsaya a ƙasar Sudan, ya yi aure, ya zauna. Tun daga nan ba su sake ganin juna ba. Lokaci-lokaci wani alhaji yakan dawo ya ce ya ji labarin yana raye, shi ke nan. Sai a wata shekara wani maƙwabcinmu ya haɗu da ɗansa a wurin aikin hajji, suka yi ta tambayar juna asali har suka gano, ya kawo mini lambar wayarsa. Mun yi magana da ɗan kawun nawa, Hausarsa gauraye da Larabci, amma muna fahimtar juna. Shi kawun ba a samunsa a waya. Ƙauyen da yake ba sabis, kuma kunnensa ya yi nauyi.

Cikin azumin wata damina sai ɗan kawun ya kira ni. Ya ce ya je ƙauye da kyamarar aro, ya ɗauki mahaifinsa a bidiyo yana yi wa yayarsa magana, doguwa. Ya shigo birni ya ɗora shi a wani shafi na intanet, ya turo mini hanyar saukewa ta imel.

Ya ce, "Amma ka yi sauri, ɗan'uwa. Mako ɗaya shafin yake ajiyewa, sai ya goge. Kyamarar zan mayar wa mai ita, ni kuma gobe zan wuce gonar da nake aiki, can ba a samun waya sai an gama damina."

Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, ina da kwamfuta a gida, yau ɗin nan zan sauke.

Na shiga cikin gida na gaya wa mahaifiyata. Tana zaune a kan buzunta tana jan carbi. Sai ta ce, "To, madalla." Wanda bai san tsofaffinmu na Fulani ba zai ce abin bai dame ta ba. Ni na ga carbin ya tsaya a hannunta.

Na koma ɗaki na cire wa kwamfuta riga, na buɗe saƙon, na danna. Manhajar saukewa ta fito kamar yadda ta saba, amma maimakon ta fara aiki sai ta nuna wani ɗan akwati. Da 'yar Turancina na gane tana cewa ta tsufa, wannan shafin ba za ta iya da shi ba sai an sabunta ta. Akwai wurin dannawa a sabunta. Na danna. Ta yi kamar za ta fara, ɗan layin ya motsa kamar gashin ido, sai ga wani dogon rubutu da jar alama. Na sake dannawa, haka. Na kashe kwamfutar na kunna, haka.

Na ce sabis ne. Washegari na sayo doguwar waya na rataye modem a taga. Da bai yi ba na ɗaure shi a gora na fitar da shi saman katanga, har maƙwabcina ya leƙo yana tambaya ko tarkon tsuntsu na kafa. Na canza layi, na sa na wani kamfanin. Shafuka suna buɗewa, imel yana buɗewa, amma manhajar nan da na ce ta sabunta sai ta kawo mini jan rubutunta.

Sai na ce to bari in bar ta, in sauke bidiyon kai tsaye ba da ita ba. Wannan ya fara tafiya, na ji daɗi. Ya kai wajen kashi ɗaya cikin huɗu sabis ya yi ɗif, da ya dawo abin ya koma farko. Na sake, ya sake komawa. Haka na wuni ina cika tulu mai huda, bakina a bushe da azumi.

Kullum bayan la'asar mahaifiyata takan fito ta zauna a kan tabarma kusa da ƙofar da ke shiga ɗakin. Da can ba ta zama a wurin. Na lura ta sa kwalli, ta yafa mayafinta na zuwa biki. Ba ta taɓa tambayata ina saƙon ba. Ni ɗanta na fari ne, ko sunana ba ta faɗa, balle ta nuna mini zumuɗi. Sai dai ta ce, "Malam, injin naka ya tashi lafiya?"

In ce, "Lafiya lau, Inna. Saura kaɗan."

Ta ce, "To, Allah ya ba shi lafiya."

A tsakiyar makon na kira abokina a waya. Ban gaya masa labarin duka ba, na dai ce manhajarsa ta banza ta ƙi sabuntuwa.

Ya ce, "Me take rubutawa?"

Na fara karanto masa, ina tuntuɓe da kalmomin. Ya fashe da dariya, ya ce, "Tsaya, tsaya, kada ka kashe Turancin mutane cikin azumi. Ka taɓa wani abu a cikinta?"

Na ce, "Ban taɓa komai ba."

Kuma har ga Allah a lokacin ban ɗauka na yi ƙarya ba. A wurina gyara kwanan wata kamar gyara agogon bango ne, ba ya cikin abin da ake kira taɓawa.

Ya ce, "To mene ne kake son saukewa haka da gaggawa? Turo mini hanyar, in sauke maka a shago, in zuba maka a fulash, ka aiko a karɓa."

Da na ce to, da wannan labarin ya ƙare a nan. Amma na ce a'a. Dalilin da na ba kaina shi ne, maganar ƙane da yayarsa ce, ban san abin da ke ciki ba, ba zan so a buɗe ta a shagon kasuwa mutane suna shiga suna fita ba. Wannan dalilin gaskiya ne, amma ba shi kaɗai ba ne. Ɗayan shi ne na riga na gaya wa gida da waje cewa ina da kwamfuta kuma na iya ta. In aka ji sai da Babarbare ya sauke mini, na san har sallar layya ba zan huta da bakinsa ba.

Na ce masa, "Bar shi, ba wani abin kirki ba ne. Zan gyara."

Ya ce, "Allah ya taimaki saniyar."

Na koma na ci gaba da nawa. Wani mai sayen magani ya ce mini ƙila ƙwayar cuta ce ta shiga kwamfutar, sai na sa manhajar kashe ƙwayoyin ta yi bincike, ta cinye mini wuni guda ba ta samo komai ba. Na cire manhajar saukewar gaba ɗaya, na sake sa ta daga kwafin da abokina ya bar mini, sai ga tsohuwar nan dai ta dawo da halinta. Na kwance akwatin na hure ƙura da famfon keke. Na ciro wasu 'yan farantai na goge su da gefen rigata na mayar, kamar yadda na taɓa gani ana yi. Ikon Allah ne kawai ya sa ban ƙarasa ta ba.

Maiɗakina ta leƙo ta same ni a zaune a ƙasa, sukurori a baje a kan tabarma. Ta ce, "Malam, don Allah ka kira mutumin nan ya zo mana. Tsohuwar nan ko abincin sahur ba ta ci sosai."

Na ce mata ta je ta ji da tukunyarta. Ta tafi.

Ranar ƙarshe ta faɗo Juma'a. Da safe na gwada lambar ɗan kawuna ko zan roƙe shi ya ƙara kwanaki, ba ta shiga. Ina zaune gaban allon, mahaifiyata ta zo bakin ƙofa, ba lokacin zamanta ba. Ta dafa bango ta ce, "Malam, in abin ya gagara a bar shi haka. Kada ka wahalar da kanka da azumi. Dama na saba da rashinsa."

Ta juya ta tafi a hankali. Ban san lokacin da na ɗauki waya ba. Na gaya wa abokina komai, da kawun, da bidiyon, da cewa yau ne ƙarshe.

Ya ce, "Kai, amma kai mugun Bafulatani ne. Ana saukowa daga masallaci ina nan tafe."

Ya zo a kan babur ɗinsa, ko hula bai cire ba ya zauna. Ya danna sabuntawa, jan rubutun ya fito. Ya duba modem, ya duba wasu wurare da ban taɓa sanin akwai su ba, ya kashe wannan ya kunna wancan. Shi ma abin ya ɗaure masa kai na ɗan lokaci, har na fara jin wani sanyi-sanyi a raina cewa ashe ba ni kaɗai ba ne. Sai ya sa tabarau ya matsa kusa ya karanta rubutun a hankali, yana bi da yatsa.

Ya ce, "Wai cewa take takardar shaidar kamfanin ba ta fara aiki ba tukuna. Ba ta fara aiki ba? Kamar yaya ba ta fara ba?"

Ya kai linzami kan agogon nan na ƙasa. Ya duba. Ya cire tabarau ya goge ya sake dubawa.

"Bawana, wace shekara muke ciki?"

Na gaya masa.

"To ita wannan me take yi a shekarar da muke samari? Kuma wa ya kai ta watan tara?"

Na ce, "Ai watan azumi ne na tara. Ni na daidaita ta da watanmu. Shekarar ce ta ƙi kaiwa, na bar ta a nan."

Ya juyo ya dube ni. Na ga dariyar ta taso masa tun daga ciki, kumatunsa har rawa suke yi. Daidai lokacin mahaifiyata ta yi tari a bayan ƙofa, ashe tana zaune a wurinta. Sai ya haɗiye. Tun da muke da shi, wannan ne karo na farko da ya samu dama a kaina irin wannan ya bar ta ta wuce.

Ya yi mini bayani da murya ƙasa-ƙasa yana gyarawa. Ya ce kafin manhajar ta karɓi sabon abu daga kamfaninta, sai an nuna mata shaida mai ɗauke da kwanan wata, don kada ɓarayi su ba ta gurɓatacce. To ita a lissafinta muna can shekarun baya, ga kuma takarda an kawo mata mai kwanan watan da bai zo ba. Dole ta ce ta jabu ce. Jan gargaɗin da nake ta tsallakewa a shafuka ma abin da yake gaya mini ke nan tun tuni.

Ya mayar da rana da wata da shekara. Ya danna sabuntawa. Kafin in gyara zama ta gama. Abin da na kwashe kusan mako ina fama da shi bai kai tsawon alwala ba.

Na ce ko mu ɗauki hanyar mu tafi shagonsa, ƙila ya fi sauri. Ya ce unguwarsu ba wuta tun jiya, kuma sabis ɗin duk ɗaya ne, kafin mu je mu tayar da janareto an ci lokaci. Ya sa bidiyon ya fara sauka. Ya ce da ma manhajar takan yanka abu gunduwa-gunduwa ta jawo su tare, amma shi zai sa ta jawo shi a jere daga farko, don ko an samu matsala a tsira da abin kallo. A lokacin ban ɗauki maganar da muhimmanci ba.

Muka zauna muna kallon koren layi yana tafiya kamar hawainiya. Muka yi la'asar a ƙofar gida muka dawo, ya wuce rabi. Sabis ya yanke, ya dawo, manhajar ta ɗora daga inda ta tsaya, yadda aka san ta. Na fara lissafin cewa kafin a sha ruwa an gama.

Sai hadari ya haɗo daga gabas. Iska ta taso, ta kayar da goran da na ɗaure modem, muka ruga muka shigo da shi. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, sabis ya ɗauke gaba ɗaya. Muka sha ruwa a nan ɗakin, kunu da ƙosai, abokina yana riƙe da kofi idonsa a kan allo. Bayan magariba ruwan ya tsagaita, sabis ya dawo. Ya danna a ci gaba. Shafin ya ce babu wannan abin, an goge.

Ya gwada ta wata hanya, ya sake gwadawa. Sannan ya jingina da kujera ya ce, "Ya tafi. Abin da muka samu ya kai kashi biyu cikin uku, ko ya ɗan fi. Bari in ga ko zai buɗu."

Ya yi 'yan dabarunsa, ya sa wata manhajar kallo wadda ya ce ba ta da tsirfa. Hoto ya fito, wani tsoho a zaune. Abokina ya tsayar da shi nan take, ya miƙe ya ce, "Wannan ba nawa ba ne in gani. Sai da safe." Ya tura babur ɗinsa cikin taɓo ya tafi.

Da hantsi na shimfiɗa wa mahaifiyata tabarma a gaban teburin, na sauko da allon ƙasa na ɗora a kan kwali don ya yi daidai da idonta. Na kunna.

Kawu yana zaune a kan gadon igiya a ƙarƙashin rumfa, da farar jallabiya da rawani irin na mutanen can. Siriri ne, dogo, hancinsa irin nata. Ya dubi kyamarar kamar yana jin kunyarta, sannan ya ce, "Adda," wato yaya. Ya fara gaisuwa da Fulatanci, irin tsohon Fulatancin da ni kaina rabon da in ji shi tun kakata tana raye. Yana tambaya tana amsawa da ƙarfi, kamar yana jin ta. Jam, in ji ta. Jam ni, wato lafiya lau. Ya tambayi lafiyar jiki, ya tambayi yara, ya tambayi shanu, duk da rabonmu da shanu an daɗe. Sai ya shiga tambayar mutane ɗaya bayan ɗaya, yana kiran sunayensu. Ita kuma tana cewa, ya rasu. Ta rasu. Wannan ma ya rasu, shekarar da aka yi fari. Ba ta yi kuka ba, tana dai ba shi labari.

Ya kira 'ya'yansa da jikokinsa suka jeru, ya nuna mata wadda ya sa wa sunanta. Ya zagaya da ita gidansa, ya nuna mata akuyoyinsa da wata bishiya da ya ce irinta ce a bakin rugarsu ta da. Ta ce ƙarya yake yi, tasu ta fi girma. Na ji ta yi dariya, irin wadda ban saba ji ba.

Can sai ya dawo ya zauna, ya yi wa mutanen da ke wurin alama da hannu su tafi. Aka ji ƙafafu suna nisa, hoton ya ɗan girgiza ya tsaya, alamar an ajiye kyamarar a kan wani abu. Ya matso kusa har fuskarsa ta cika allon. Ya ce, "Adda, akwai maganar da na riƙe tun ranar da muka rabu a mashaya. Na ce ba zan mutu da ita ba. Ranar nan da kika biyo ni da ƙwaryar nono, kika ce in tsaya, ni kuma..."

Nan hoton ya tsaya. Bakinsa a ɗan buɗe, hannunsa a sama.

Ta jira. Ta ƙara jira. Sannan ta ce, "Ruwa ya tsaya sha?"

Na ce, "Inna, iyakar abin da ya sauko ke nan. Sauran ya goge kafin mu same shi." Na gaya mata yadda aka yi, da kwanan watan da na canza, da tayin da abokina ya yi mini tun tsakiyar mako na ƙi. Ban san ko ta gane zancen kwanan watan ba. Zancen tayin dai na san ta gane.

Ta daɗe tana kallon fuskar da ke allon. Sannan ta ce, "Haka yake tun yana yaro. Sai ya kira ka da gudu, ka bar abin da kake yi ka zo, ya ce ya manta." Ta gyara mayafinta. "Mayar da shi farko."

Bayan damina na samu ɗan kawuna a waya. Kyamarar an daɗe da mayarwa, mai ita ya goge ya ɗauki bikin wani. Shagon da ya ɗora bidiyon a birni su ma ba su ajiye ba. Na tambaye shi abin da mahaifinsa ya faɗa a ƙarshe. Ya ce ai da tsohon ya kore su, shi ma ajiye kyamarar ya yi ya tafi, kuma bai kalli wurin ba daga baya, tun da ba da shi ake magana ba. Ya yi alkawarin in ya koma ƙauye bayan girbi zai sake ɗauka. Kafin ya koma kawu ya kwanta ciwo, bai tashi ba.

Abokina bai taɓa tsokanata da wannan maganar ba har yau, shi da ko tuntuɓe na yi sai ya ba da labari a majalisa. Da ya tsokane ni ma da ya fi mini sauƙi.

Yanzu in na duba abin daga nesa, ba canza kwanan watan ne yake damuna ba. Wannan rashin sani ne, kuma ban ga laifin mutum ya so lissafinsa na gida ba. Abin da ya rage mini shi ne, kayan ba nawa ba ne. Saƙon wani ne zuwa ga wata, ni ɗan aike ne kawai a tsakani, amma na riƙe shi kamar jarrabawar da aka ba ni don a ga ko na iya kwamfuta. Tun daga lokacin, in abu na wani ya maƙale a hannuna, ba na kwana da shi. Ina neman wanda ya fi ni sani tun ranar farko, ya yi dariyarsa ya gama. Kuma in mai gyara ya tambaye ni ko na taɓa wani abu, ina faɗa masa har abin da nake ganin ba komai ba ne.

Mahaifiyata ta yi wasu shekaru bayan nan. Takan sa in kunna mata bidiyon lokaci-lokaci, musamman ranar Juma'a. Tana amsa gaisuwar kamar ranar farko. Amma da an zo inda yake korar mutane sai ta ce in kashe, ta isa haka.

Wata rana, cikin rashin lafiyarta ta ƙarshe, ina zaune a bakin gadonta na yi ƙarfin hali na tambaye ta. Na ce, "Inna, kin san abin da kawu yake so ya faɗa miki?"

Ta ce, "Na sani mana. Ai ina wurin."

Na ji kamar an sauke mini wani kaya. Na fara cewa alhamdu lillahi, sai ta ƙarasa, idonta a rufe.

"Da dai na so in ji daga bakinsa."